Giza, Luksor ko Abu Simbel: wanne ya dace da mai wuni ɗaya a Masar?

Mutanenmu da dama suna zuwa Masar, wasu don jinya, wasu don karatu a Azhar da sauran jami'o'i, wasu kuma don kasuwanci, kuma da wuya a sami wanda ya samu sararin wuni ɗaya ko biyu bai ji sha'awar zuwa ganin abin da fir'aunoni suka bari ba. Kowane otal da kowane kamfanin yawon buɗe ido yana da takardar talla cike da sunayen wurare, kuma baƙon da bai san ƙasar ba yakan ɗauki wadda ta fi yawan sunaye, yana ganin ita ce ta fi riba. A ganina wannan kuskure ne babba. Abin da ya kamata a tambayi mai sayar da yawon shi ne: awa nawa za a yi a cikin mota, awa nawa za a yi a gaban abin da aka zo gani, kuma tikitin waɗanne wurare ne ke cikin kuɗin da za a biya. Da wannan ma'auni zan auna yawon wuni ɗaya da aka fi tallatawa.

Sai an san yadda tarihin ya rabu a ƙasa sannan zaɓin zai yi sauƙi. Sarakunan farko, waɗanda suka yi mulki daga birnin Memfis kusa da Alƙahira ta yanzu, su ne suka gina dala a kan kaburburansu, shekaru fiye da 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarakunan da suka zo bayansu da shekara dubu, daga wajen 1550 zuwa 1070 kafin haihuwar Annabi Isa, sun bar gina dala, sun koma haƙa kaburbura a cikin duwatsun da ke yamma da birnin Tibis, wanda shi ne Luksor a yau, kilomita sama da 600 kudu da Alƙahira. Don haka wanda yake son girman gini yana da shi a bakin Alƙahira, wanda kuma yake son kabarin sarki mai zane da launi da rubutu daga ƙasa har rufi dole ya gangara kudu. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun shiga dala sun fito.

Yawon Giza shi ne mafi sauƙi da araha ga wanda yake zaune a Alƙahira, domin dalolin suna gefen birnin ne. Dalar Khufu, wadda aka gina wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma hoto ba ya nuna girmanta yadda take, sai mutum ya tsaya a gindinta ya ga dutse ɗaya ya kai masa ƙirji. Kusa da ita akwai ta Khafre da ta Menkaure, da gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Larabawa ke kira Abul-Haul. Shiga cikin babbar dalar yana da tikitinsa daban, kuma ina ba da shawara a yi tunani kafin a saye shi: hanyar ƙunci ce, ana tafiya a duƙe cikin zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe kuma ɗaki ne na dutse babu zane ko ɗaya, sai akwatin gawa na dutse wanda babu komai a cikinsa. Mai ciwon gwiwa ko ciwon baya, da wanda ya fito daga jinya, gara ya haƙura.

Abin da ke ɗaga darajar wannan yawo shi ne a haɗa shi da Saƙƙara da Dahshur, wasu wuraren daloli biyu da ke kudu da Giza. A Saƙƙara ne dalar sarki Joser take, mai hawa shida, wadda magini Imhotep ya tsara, kuma ita ce dala ta farko a ƙasar. A nan kuma akwai ƙaramar dalar Unas, wadda daga waje kamar tarin ƙasa take, amma a cikinta aka sassaƙa rubutun addu'o'in matattu mafi daɗewa da aka samu a cikin dala, rufin ɗakin kuma cike da taurari. A Dahshur akwai daloli biyu na sarki Sneferu, mahaifin Khufu, ɗaya mai lanƙwasa a tsakiya saboda an sauya kusurwarta ana cikin gini, ɗayar kuma ja, wadda a kanta ne magina suka dace da siffar da muka sani. Wanda ya bi su a jere, daga Saƙƙara zuwa Dahshur zuwa Giza, zai ga yadda aka koyi sana'ar daki-daki cikin kimanin ƙarni ɗaya. Nakasun wannan yawo ga mai neman manyan wuraren bauta shi ne ba zai same su a nan ba. Wasu kamfanoni suna maye gurbin Dahshur da sabon babban gidan tarihi na kusa da Giza, wanda aka buɗe gaba ɗaya a watan Nuwamban 2025, inda aka tara kayan sarki Tutankhamun sama da 5,000. Wurin ya cancanci rabin wuni shi kaɗai, kuma cusa shi cikin yawon da ya riga ya cika zalunci ne ga duka biyun.

Idan maganar kaburburan sarakuna da wuraren bautarsu ake yi, yammacin kogin Nilu a Luksor ba shi da na biyu, kuma a kansa zan fi daɗewa. Yawon da aka saba sayarwa yana ɗaukar awa biyar zuwa shida, ya ƙunshi Kwarin Sarakuna, da haikalin (wato wurin bautar) sarauniya Hatshepsut a Deir el-Bahari, da tsayawa ta 'yan mintoci a gaban manyan gumakan Amenhotep na III guda biyu da ake kira Memnon, masu tsayin kimanin mita 18. Daga cikin gari zuwa kwarin tafiyar ba ta kai awa ɗaya, ko ta gada ko ta jirgin fito, wanda ke nufin yawancin lokacin mutum a wurin yake ƙarewa.

Kwarin Sarakuna busasshen kwazazzabo ne tsakanin duwatsun farar ƙasa, babu itace ko ɗaya, a samansa kuma akwai tsauni mai siffar dala. An gano kaburbura sama da 60 a cikinsa, amma kaɗan ne ake buɗewa a lokaci guda, kuma ana juya su don kare zanen daga numfashi da gumin jama'a. Tikitin shiga na gama-gari yana ba da damar kaburbura uku ne kacal, mai gadi yana huda shi a ƙofar kowanne. Wannan ya sa zaɓin ukun yake da muhimmanci. Kabarin Ramsis na IV yana kusa da mashiga, hanyarsa gajera ce mai faɗi, launinsa kuma a raye yake, ya dace da dattawa. Na Ramsis na III ya fi tsawo da yawan ɗakuna. Na Merneptah yana da gangara mai nisa, saukarsa da daɗi amma hawowa sai an huta a hanya.

Akwai kuma kaburburan da ake saya wa tikiti na musamman, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Kowa ya san sunan Tutankhamun, saboda Baturen Ingila Howard Carter ya gano kabarinsa a watan Nuwamban 1922 da dukiyarsa kusan a cike. To amma dukiyar tana Alƙahira, kabarin kansa ƙarami ne, ɗaki ɗaya ne kawai ke da zane, kuma abin da ya rage a ciki shi ne gawar yaron sarkin a cikin akwatin gilashi da babban akwatin dutsensa. Wanda yake son tsayawa a inda tarihin ya faru, ya shiga. Wanda kuma kyau yake nema, kuɗinsa zai fi yi masa amfani a kabarin Ramsis na V da na VI (kabari ɗaya ne na su biyun), inda tikitin ƙarin ba shi da tsada. Ban manta da tsayuwata a ɗakinsa na ƙarshe ba: na ɗaga kai na ga rufi shuɗi mai duhu, an zana abar bautarsu ta sama da jikinta a miƙe daga wannan bango zuwa wancan, rana ja tana shiga bakinta da yamma, tana ratsa cikinta, tana fitowa da asuba, launin rawaya kuma kamar jiya mai zanen ya ajiye buroshinsa. Kabarin Seti na I, wanda ɗan Italiya Belzoni ya gano a 1817, shi ne mafi tsawo da kyawun sassaƙa a cikin waɗanda ake shiga, tsawonsa ya haura mita 130, amma tikitinsa ya ninka na shiga kwarin sau da yawa. Tsadar tana rage cunkoso, har mutum yakan sami kansa kusan shi kaɗai a ciki. Ga mai hali, ina ganin ya cancanci kuɗinsa.

Wani abu da ba a cika faɗa wa baƙo ba shi ne ba a yarda jagora ya yi bayani a cikin kaburburan ba. A waje yake tara mutanensa, ya nuna musu hotuna, ya faɗa musu abin da za su gani, sannan su shiga su kaɗai. Saboda haka ingancin jagora a nan ya dogara ne a kan mintoci goma ko sha biyar ɗin da zai yi a inuwar rumfa kafin a shiga, da kuma shawarar da zai bayar kan kaburburan da aka buɗe a ranar.

Haikalin Hatshepsut, wanda bafadenta Senenmut ya jagoranci gininsa, hawa uku ne a jingine da dutse, kuma a bangonsa an zana ayarin fatauci da ta aika tsohuwar ƙasar Punt ta wajen kudancin Bahar Maliya, da jiragen ruwa da itatuwan turare da aka ɗauko da saiwarsu. Wurin fili ne fetal babu inuwa, zafin rana kuma yana dawowa daga jikin dutsen, shi ya sa bai kamata a kai hantsi sosai ba a je shi ba. Abin takaici shi ne yawon gama-gari yakan tsallake wurare biyu da a ganina sun fi Memnon daraja nesa ba kusa ba. Na farko shi ne Madinat Habu, haikalin Ramsis na III, mai sassaƙa mai zurfi da launi da ya saura a ƙarƙashin ƙofofi, da hoton yaƙinsa da mutanen da suka zo ta teku. Na biyu shi ne Deir el-Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakunan suka kuma zana su. Ana ganin gidajensu ɗaki-ɗaki da lungunansu, da ƙananan kaburburansu masu hoton noma da girbi. Waɗannan ma'aikata ne suka ajiye aiki a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na III saboda an jinkirta musu hatsin albashinsu, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin yajin aiki na farko da aka rubuta a tarihi. Duk wanda zai ɗauki jagora nasa na kansa, ya nemi a saka masa aƙalla ɗaya daga cikin biyun. Kabarin sarauniya Nefertari a Kwarin Sarauniyoyi, wanda aka gano a 1904, ya shahara da kyau, amma yana da tsada kuma akan rufe shi don gyara, sai a tabbatar yana buɗe kafin a biya.

Gabashin kogin, wato cikin garin Luksor, babu kaburbura, amma a nan ne manyan wuraren bautar suke. Karnak ba gini ɗaya ba ne, tarin gine-gine ne da sarakuna suka yi ta ƙarawa har kusan shekara 2,000. Zauren ginshiƙansa, aikin Seti na I da ɗansa Ramsis na II, yana da ginshiƙai 134, goma sha biyun tsakiya sun kai kimanin mita 21, kuma sai mutane da yawa sun riƙe hannun juna kafin su kewaye ɗaya. Akwai dogon dutsen Hatshepsut mai tsini da ya kusa mita 30, da tafkin da masu hidimar wurin ke wanka. Haikalin Luksor ya fi ƙanƙanta, yana bakin kogi a tsakiyar gari, ana barinsa a buɗe har dare, kuma ya fi kyau bayan magariba idan an kunna fitilu. A ƙofarsa dogon dutse ɗaya ne ya rage, ɗan'uwansa yana tsaye a birnin Faris tun 1836. A cikin harabarsa kuma akwai masallacin Abul-Hajjaj, wanda aka gina a kan bangon haikalin a lokacin da ƙasa ta binne shi, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama, kuma har yau ana salla a cikinsa. Hanyar gumaka mai tsawon kusan kilomita 3 da ta haɗa haikalan biyu an sake buɗe ta a watan Nuwamban 2021. Wannan ɓangare ya fi sauƙi ga jiki, babu gangara babu matakala masu yawa, kuma jagora yana tafiya tare da mutum yana bayani a gaban kowane bango. Ga iyali masu yara ko tsofaffi, shi na fi zaɓa.

Ana sayar da yawon da ya haɗa gabas da yamma a wuni ɗaya. Yana yiwuwa a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan an fito da asuba aka huta da rana. A lokacin zafi, da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 kusan kullum, mutum yakan isa Karnak ne a gajiye, ba abin da yake nema sai inuwa da ruwa. Haka nan yawon da ake ɗauko mutum daga Alƙahira da jirgin sama, tafiyar kimanin awa ɗaya, a dawo da shi da dare: yana aiki ga wanda ba shi da wata dama, amma shi ne mafi tsada, ana tashi tun cikin dare, kuma jinkirin jirgi kaɗan yana cinye kabari guda ko haikali guda. Kwana ɗaya a Luksor yana gyara duk wannan, sau da yawa ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Abu Simbel shi ne inda ma'aunin da na kawo a farko ya fi fitowa fili. Wurin yana kimanin kilomita 280 kudu da birnin Aswan na kudancin Masar, kusa da iyakar Sudan. Motoci suna tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, a yi awa uku da rabi ko huɗu cikin hamada, a yi kamar awa biyu a wurin, sannan a sake yin wata tafiyar a dawo. Abin da ake zuwa gani haikali biyu ne da Ramsis na II ya sa aka sassaƙa a jikin dutse: babban mai gumakansa huɗu a zaune, kowanne kimanin mita 20, da ƙaramin da ya yi wa matarsa Nefertari. Labarin ceto su ma abin mamaki ne, domin lokacin da madatsar ruwan Aswan za ta nutsar da su, an yanka su gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 ƙarƙashin jagorancin UNESCO, aka sake harhaɗa su mita 65 sama da inda suke. Sau biyu a shekara, ranar 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken fitowar rana yana ratsa haikalin har ƙuryarsa, kuma a waɗannan ranaku cunkoson ba ya misaltuwa. Kwarjinin wurin gaskiya ne, ba na rage masa komai. Amma babu kabari a can, kuma awa bakwai ko takwas a mota don awa biyu ciniki ne da ya dace da wanda ya riga ya ga Luksor kuma yana da kwanaki a Aswan. Wanda yake Aswan da wuni ɗaya tak zai fi morewa da haikalin File, wanda shi ma aka ɗauke shi zuwa tsibirin Agilkiya, ana isa gare shi da kwale-kwale cikin 'yan mintoci.

Akwai yawo na Dandara da Abidos daga Luksor, wanda ba a cika tallatawa ba. Dandara tana kimanin kilomita 60 arewa, kusa da garin Ƙena, haikalinta na zamanin mulkin Girkawa da Rumawa ne, rufinsa bai faɗi ba, kuma bayan an goge baƙin hayaƙin da ya rufe shi shuɗin launinsa ya fito sarai; a bangon baya akwai hoton sarauniya Kiliyobatara da ɗanta. Abidos ta fi nisa, wajen kilomita 160, a can ne haikalin Seti na I yake da jerin sunayen sarakuna 76 a bango ɗaya. Wuni ne cikakke mai doguwar tafiya, na wanda ya zo karo na biyu ko ya riga ya ƙoshi da Karnak.

Bayan zaɓen wuri sai zaɓen yadda za a je. Yawon rukuni ya fi araha, amma motar tana zagaya otal-otal tana ɗaukar mutane, sai a isa Kwarin Sarakuna bayan rana ta ɗaga, daidai lokacin da manyan motoci daga garuruwan bakin Bahar Maliya suke sauke jama'a. Kwarin yana buɗewa da ƙarfe shida na safe, kuma awa biyun farko sun fi duk sauran wunin. Jagora na kai da mota ta kai ne kawai ke ba da wannan, kuma idan mutum uku ko huɗu suka haɗa kuɗi bambancin ba ya da yawa. A wani yawon rukuni da na taɓa bi, an tsayar da mu kusan awa guda a shagon masu sassaƙa tukwane da gumakan farin dutse, ana ba mu shayi ana nuna mana kaya, alhali a kabarin da na fi so an ce mu fito bayan minti goma sha biyar. Tun daga ranar nake faɗa wa jagora tun a mota cewa ba na son tsayawa a shago, kuma in an faɗa da ladabi ana ji. Ya kamata kuma a tambaya ko jagoran yana da lasisin hukuma, da harshen da zai yi bayani, domin ɗalibanmu masu jin Larabci sukan sami bayani mai zurfi idan an yi musu da shi.

Wata tambaya da kusan kowane Musulmi yake zuwa da ita ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana kuma sun yi saɓani, wasu na cewa Ramsis na II ne, wasu na cewa ɗansa Merneptah, don haka jagoran da ya nuna kabari ya rantse cewa wannan ne ya wuce abin da hujja ta tabbatar. Gawarwakin sarakunan ma ba su cikin kwarin in ban da ta Tutankhamun. Tun watan Afrilun 2021 aka mayar da 22 daga cikinsu, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihi na Fustat a Alƙahira, kuma na Ramsis na II da Merneptah suna cikinsu. Wanda wannan ne burinsa ba ya bukatar barin Alƙahira.

Ga wanda ya tambaye ni kai tsaye, mai wuni ɗaya da ba zai iya barin Alƙahira ba ya ɗauki Saƙƙara da Dahshur da Giza. Mai iya kwana ɗaya a kudu ya sauka Luksor da yamma, ya shiga haikalin cikin gari da dare, washegari ya kasance a ƙofar Kwarin Sarakuna da ƙarfe shida, ya ƙara tikitin Ramsis na VI, ya bi ta Hatshepsut da Madinat Habu kafin azahar, ya huta, sannan ya ƙarasa da Karnak da la'asar kafin a rufe. Ya riƙe katin banki, domin yawancin wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, ya kuma tanadi canjin fam na Masar don tukuicin direba da masu gadi. Ɗalibi kuma kada ya manta da katin shaidarsa na ɗalibta na ƙasa da ƙasa, domin da shi ake rage kusan rabin kuɗin shiga.